Haƙoran Ƙarfe da Farillar da Ke Kan Gari

Duk wanda ya san Damana, cibiyar ƙaramar hukumar Tondikandiya a Nijar, da garuruwan da suka jeru cikin Dallol Boso har zuwa Filinge da Shikal ta ƙasar Kurfai, ya san rayuwar yau ta rataya a kan ƙananan injuna. Injin niƙa ke ba gida garin tuwo, injin ban ruwa ke shayar da dankalin Bonkuku lokacin sanyi, babur ke kai mara lafiya likita, keken ɗinki da injin taliya kuma su ne jarin mata da dama. A cikin kusan kowannensu akwai faifan ƙarfe mai haƙora wanda makanikai ke kira giya, yana cusa haƙoransa cikin na ɗan uwansa domin juyi ya wuce daga wannan sanda zuwa waccan. Ranar da haƙori ɗaya ya ɓalle, injin duka ya tsaya, mai shi kuma ya kama hanyar Balleyara zuwa Yamai yana neman irinsa a kasuwar Katako, ko ya aika Maraɗi, ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa sanin yadda ake yanka wannan giya, a ƙaramar maƙera ta gida, da awo da lissafi, farilla ce ta kifaya a kan jama'ar irin wannan yanki. Idan wasu suka ɗauke ta, ta sauka daga kan kowa; idan aka rasa mai ɗauka alhali da hali, laifin ya hau kan duk masu iko da masu dukiya da masu ilimi na wurin.

Kafin a yanke hukunci kan abu, wajibi ne a san shi, don haka bari mu duba aikin kansa. Mai yankan giya yana farawa da lissafi kafin ya taɓa ƙarfe. Girman haƙori yana da ma'auni da ake kira modil, kuma giya biyu ba za su ci juna ba sai modil ɗinsu ya zama ɗaya. A ce ana son giya mai haƙora 30 a modil 2. Sai a ƙara 2 a kan 30, a ninka da modil, a sami milimita 64: faɗin faifan ke nan da za a sassaƙa a injin sassaƙar ƙarfe. Zurfin kowane rami tsakanin haƙori da haƙori milimita 4.5 ne. Daga nan sai a ɗaura faifan a na'urar rabo, wadda a yawancinta sai hannunta ya zaga sau 40 kafin faifan ya zaga sau ɗaya. Arba'in a raba gida talatin, juyi ɗaya da sulusi ke nan; a da'irar na'urar mai huda 18, sulusin nan huda 6 ne. Mai aiki zai yanka rami, ya ja wuƙar baya, ya juya hannu sau ɗaya da huda shida, ya sake yanka, haka har sau talatin. Idan ya yi kuskuren huda ɗaya a tsakiyar aiki, ba lallai ne ya gani nan take ba. Sai ya zagayo ƙarshe ya tarar da haƙori ɗaya ya rame ko ya yi ƙiba, ƙarfen da wahalar wunin duka sun tafi. A injin ban ruwa, giyar da ke juya sandar bawul tana da ninki biyu na haƙoran giyar karanshaf, domin bawul ya buɗe sau ɗaya a kowane juyi biyu. Haƙori ɗaya ya goce daga mazauninsa, injin ya rasa ƙarfi ko ya ƙi tashi.

Siffar gefen haƙorin ma ba ta ganin dama ba ce. Layi ne mai lanƙwasa, irin wanda bakin zare ke zanawa idan ana warware shi daga ƙwarya a miƙe, kuma masanin lissafi Leonhard Euler ya yi bayaninsa a ƙarni na 18. Amfaninsa shi ne haƙora su riƙa miƙa wa juna juyi daidai wa daida, babu fizga. Da yake lanƙwasar tana sauyawa gwargwadon yawan haƙora, masu ƙera kayan aiki sun tsara wuƙaƙe takwas ga kowane modil, daga ta giya mai haƙora 12 ko 13 har zuwa ta mai 135 zuwa sama. Musulmin da ya ji wannan bayani ba zai ga baƙon abu ba. A Suratu Saba'i, aya ta 10 da ta 11, Allah Maɗaukaki ya ba da labarin yadda ya tausasa wa Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ƙarfe, ya umarce shi da ƙera sulke, sannan ya umarce shi da aunawa wajen haɗa zobban. Malaman tafsiri sun ruwaito daga Mujahid cewa ma'anar awon ita ce kada ƙusa ta yi siriri har ta riƙa rawa cikin zobe, kada kuma ta yi kauri har ta fasa shi. Abin lura a nan shi ne mu'ujiza ta ɗauke wa Annabi Dawuda wahalar wuta da masaba, amma ba ta ɗauke masa wajibcin awo ba. A Suratul Hadid kuma, aya ta 25, an ambaci littafi da ma'auni da ƙarfe a wuri ɗaya. Ashe aunawa cikin aikin ƙarfe umarni ne da ya zo daga sama tun kafin a san inji.

Dangane da hukuncin sana'ar kanta, maganar malamai a bayyane take. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a babin ilimi na Ihya'u Ulumid Din cewa duk ilimin da zaman duniya ba ya daidaita sai da shi farilla ce ta kifaya. Ya lissafa likitanci da lissafi, ya haɗa da noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho, yana mai cewa garin da ya rasa mai yin ƙaho mutanensa sun jefa kansu ga halaka. Ya kuma koka da yadda ɗalibai ke cincirindo a kan saɓanin fiƙihu alhali garuruwa ba su da likita Musulmi. Ibn Taimiyya ma, a littafinsa na hisba, ya tafi a kan cewa sana'o'in da jama'a ke buƙata farilla ce ta kifaya, har shugaba na iya tilasta wa masu su yin aiki a kan ladan da ya dace. Kusa da mu kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji littafin Usulus Siyasa, inda ya sa kula da masu sana'a cikin ginshiƙan mulki: manoma da maƙera da maɗinka da marina da likitoci da mahauta da masassaƙa. Ya nemi a rarraba su ta yadda kowane gari zai sami nasa. Bello bai ga cikar mulkin Musulunci a garin da ke da masallaci da alƙali amma babu mai gyara hauya ba.

Mai musu na farko zai ce waɗannan malamai allura da hauya da masaƙa suke nufi, abubuwan da in babu su a mutu ko a zauna tsirara, alhali kakanninmu sun rayu ɗaruruwan shekaru a Dallol babu inji. Amsar tana cikin ƙa'idar usulu da ke cewa hukunci yana bin dalilinsa. Dalilin da ya sa saƙa ta zama farilla shi ne buƙatar jama'a, kuma buƙata tana sauyawa da zamani. Yawan mutane ya ninka, gonakin tudu sun gaji, damina ba ta da tabbas, shi ya sa noman rani a cikin kwarin Dallol, inda ruwa ke kusa, ya zama abin da ke cike gurbin rumbun da bai cika ba. Shukar da ta saba da ban ruwa ba ta jiran mako biyu kafin kaya su iso daga birni. Idan injin niƙa ya tsaya, mata da ƴan mata ke komawa turmi da taɓarya, kuma awannin dakan daga lokacin makarantar yarinya da hutun mai ciki ake cire su. Tunda ciyar da iyali wajibi ne, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi shi ma wajibi ne, to ilimin da ke raya waɗannan injuna ya shiga sahun noma da saƙa. Kakanninmu ba su yi laifi ba da ba su san giya ba, domin rayuwarsu ba ta dogara da ita ba. Mu da muka ɗora abincinmu a kanta, hukuncinmu daban.

Mai musu na biyu ya fi ƙarfin hujja. Zai ce kifaya na nufin wadatuwa, kuma kasuwa ta wadatar: masana'antun Sin da Indiya suna fitar da giya dubu-dubu a farashin da mai aikin hannu ba zai taɓa kaiwa ba, don haka wunin da zai ɓata a kan guda ɗaya asara ce. Gaskiya ne babu maƙerar gida da za ta yi gasa da masana'anta a kan kayan da ke cike da shaguna, kuma babu mai hankalin da zai nemi haka. Sai dai wadatuwar da ke hannun wani tana da sharaɗin buɗaɗɗiyar hanya, kuma Nijar ta ga abin da ke faruwa idan sharaɗin ya faɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi a ranar 30 ga watan, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, Najeriya ta yanke wutar lantarki. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan da a da ke bin hanyar Kwatano mai tsawon kimanin kilomita 1,000 suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi kan siyasar lamarin, darasin ɗaya ne ga ƙasar da ba ta da teku. A ƙara da rashin tsaron da ya addabi jihar Tillaberi, wanda ya sa tafiyar da a da ake yi ba tunani ta zama abin shawara. Ko a lokacin lafiya ma, akwai tsofaffin injuna da masana'antar ta daina yi wa kayan gyara, inji mai rai ya koma bola saboda faifai ɗaya. A nan ne mai yankan giya ke da gurbin da kasuwa ba ta cikewa. Hausawa sun riga sun yanke hukuncin: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku zai ce Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa, kuma talakan Damana ina ya ga injin sassaƙa da na'urar rabo da wutar da za ta juya su? Farilla tana faɗuwa da gazawa, wannan haka yake, amma sai an tabbatar da gazawar. Tarihi ya nuna an yanka giya tun kafin lantarki. A 1206, a birnin Diyarbakir, Al-Jazari ya kammala littafinsa na injuna, cikinsu har da na ɗaga ruwa masu aiki da haƙora. A gidan tarihin kimiyya na Oxford a Ingila akwai asɗurlabi, na'urar auna taurari, da Muhammad ibn Abi Bakr ya ƙera a Isfahan wajen 1221, da giyoyin da aka yanka da hannu suna nuna tafiyar wata da rana. A zamaninmu, wani Ba'amurke mai suna David Gingery ya wallafa jerin littattafai bakwai tun daga farkon shekarun 1980, yana nuna yadda ake farawa da murhun gawayi da tarkacen alminiyam a zuba sassan injin sassaƙa, injin kuma ya taimaka a ƙera na gaba, har a kai ga na'urar rabo. Matakin farko na wannan tsari, wato narka alminiyam da gawayi a zuba a ƙirar yashi, shi ne abin da masu zuba tukwane a Katako ke yi kullum. Wanda bai da na'urar rabo yana iya ɗaura tsohuwar giya mai lafiya ta zama jagorar rabonsa, wanda bai da jerin wuƙaƙe takwas yana iya wasa baki ɗaya ya dace da ramin da yake so. Makarantu ma akwai su: makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da EMIG a Yamai, kuma a Panteka ta Kaduna an ga abin da masu aikin hannu ke iya ƙerawa. Abin da mutum ɗaya ya gaza, gari bai gaza ba, kuma kifaya da gari take magana.

Na huɗu zai kawo ƙorafin da kowa ya sani, cewa aikin gida ba ya ƙarko, an sha cika haƙori da walda a goge da magagari a karɓi kuɗi, bayan kwana kaɗan ya ɓalle ya tafi da wasu. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma shi ne ya sa na ce da awo da lissafi tun farko, domin aikin da ya lalata inji bai sauke farillar ba, ya ƙara zunubin algus a kanta. Giya wuri ne da ha'inci ke samun maɓoya, saboda tana rufe cikin akwati da mai, mai inji ba ya ganinta. Ƙarfen rodi na gini da ƙarfen aksil ɗin mota duk ƙyalli ɗaya suke yi bayan an sassaƙa su, amma na farko ba lallai ya yi tauri ba ko an ƙona shi ya yi ja an tsoma a mai, na biyun kuwa yana yi. Mai aiki kaɗai ya san wanda ya sa. A Sahihu Muslim an ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar, ya nisanta mai algus daga tafarkinsa. Mazhabar Malikiyya ta ƙara da hukuncin lamunin masu sana'a, wanda ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu: mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su bayan idonsu shi ke da alhakin biya idan sun salwanta. Shaɗibi ya kawo wannan a matsayin misalin maslaha, domin jama'a ba su da makawa sai sun miƙa kayansu. Haka kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da ya gano yana da ɓoyayyen aibi. Maganin mummunan aiki, ke nan, yana cikin fiƙihun da muke da shi, aiwatarwa ce ta rage.

Daga wannan lamuni ake gane kuskuren mai fakewa da ƙaddara. Idan giya ta karye saboda an sa ƙarfe mai laushi, cewa ajalinta ne ya zo magana ce ta gaskiya da ake nufin ɓata da ita. Littattafan tauhidi na Imam Sanusi sun koyar da mu cewa Allah ne mai halitta komai, kuma ya gudanar da al'ada ta haɗa sababi da abin da ke biyo shi. Wanda ya san al'adar ya saɓa mata da gangan, shari'a na kama shi da sakacinsa. Gaskiyar mai sana'a ta haɗa da sanin iyakarsa. Giyar akwatin mota, mai karkatattun haƙora da aka taurara aka goge a masana'anta, tana juyawa da gudu ɗauke da rayukan fasinja, ta fi ƙarfin yawancin maƙerun gida. Wanda ya ce wa mai mota wannan ba aikina ba ne, je ka nemi ta asali, ya yi aikin ibada kamar wanda ya yanka ta injin taliya ya kyautata.

Akwai wani cikas da ba a cika faɗarsa a fili ba, shi ne kallon da ake yi wa mai aikin ƙarfe. A ƙasar Hausa ƙira gado ce mai sarautarta, da Sarkin Maƙera, da maƙeran baƙi da na fari, amma a wasu al'ummun yankin, kamar Abzinawan Imanan da Tagazar, maƙera jinsi ne daban da ba a cika auratayya da su ba. A gefe guda kuma ɗan da ya yi karatun boko yana ganin teburin ofis ne cikar ilimi. Sakamakon shi ne ɗan maƙeri ya san wuta da ƙarfe amma ba a koya masa kasafi ba, ɗan makaranta ya san kasafi amma bai taɓa riƙe awartaki ba, alhali yankan giya na buƙatar su biyun a jikin mutum ɗaya. Addini bai san wannan raini ba. Khabbab ibn al-Aratt, ɗaya daga cikin sahabban farko, maƙeri ne. Ibrahim, ɗan Manzon Allah, a gidan maƙeri Abu Saif aka shayar da shi a Madina, Manzo kuma yana shiga gidan da hayaƙinsa domin ya gan shi. Sana'ar da Allah ya koya wa annabi ba ta da ƙasƙancin da za a ji kunyar gadonta ko koyonta.

Saura a san wanda nauyin ke kansa. Yana kan hukumomin gari, su nemi matasa daga gidajen maƙera da daga makarantu a tura su koyo a dawo da su da kayan aiki. Yana kan attajiran Kurfai da Tondikandiya da ke Yamai da ƙasashen gaɓar teku, su san cewa injin sassaƙa da aka yi waƙafinsa ga gari sadaka ce mai gudana, kuma Imam Nawawi ya bayyana cewa talaka mai sana'a ana ba shi daga zakka abin da zai sayi kayan aikinsa. Yana kan limamai, su sa kyautata aiki da haramcin algus cikin huɗuba kamar yadda suke sa tsarki da azumi. Yana kan iyaye, su daina ganin ɗan da ya zaɓi ƙarfe a matsayin wanda karatu ya ƙi. Ba a neman kowane gida ya zama maƙera. Ana neman tsakanin Balleyara da Filinge a sami amintattun hannaye da suka isa, masu auna ƙarfe kafin su yanka, masu faɗin gaskiya kan abin da suka sa. Har sai an same su, farillar tana nan a wuyan duk wanda ke da hali a cikinmu.